Wakilin Iyayen Yara Ya Ce Lafiya Lau

Majo, shugaban masu jinya, ya ce Baiwa mai shara ba ta da kunya. Matan Matameye sun ce bakinta ya fi allura zafi. Shekara mai shayi ya ce in ta yi shara a gidan likita har ƙuda sai ya nemi izini. Ni ban ce komai ba, shi ya sa aka naɗa ni wakilin iyayen yara ranar da baƙi za su zo duba yadda ake jinyar yaran da cuta ta shiga jininsu. Da furfurata na koyi karatu, amma sa hannu na iya shi.

Shiri kam an yi. Durom ɗaya na ruwa da farin nan ya bar mana, aka dama farar ƙasa da shi, aka shafe gindin itatuwa. Ledar ƙarin ruwa uku da allurai, majo ya kulle su a kabad, kada a yi amfani da su baƙi su tarar babu. Yaran da jikinsu ya yi tsanani aka kai su ɗakin ajiya, saboda suna ɓata tsari. Har da Sa'a jikata, jiki kamar garwashi, ta daina ko kuka.

Mai Girma Sarkin Duba Gadaje, jagoran baƙin, ya iso da kakinsa, ya ƙirga gadaje, ya shafa zanin gado. Ya juyo gare ni.

"Baba, yaya jikin yaran?"

Shekara sittin ana yi mani tambayar nan, amsa ɗaya na sani. "Lafiya lau, ranka ya daɗe."

Ya rubuta.

Sai muka ji ƙarar taɓarya a kan kwaɗon kabad. Ga Baiwa, Sa'a a kafaɗa, leda a hannu.

"Majo, nemo jijiya! Kai kuma mai hula, tunda tsayi gare ka, riƙe ledar nan sama!"

Wallahi Mai Girma ya riƙe, har ta ƙare. Aikin da ya fi kowane amfani a ziyarar ke nan, bai kuwa shiga rahoto ba.

Gidan likita ya samu takardar yabo. Baiwa an sallame ta, saboda ɓarnar kwaɗo. Sa'a jiya ta sha koko.

Sati biyu ina zagaye ƙofar gidan Baiwa. Yau na tarar da ita tana tankaɗe.

"A'a, wakili! Yaya jikin yaran?"

Na tuɓe hula. "Da saura, Baiwa. Na yi ƙarya a kan jikata. Ki yafe mani."