Yadda Za Ka Raba Matarka Da Uwarta Da Batir Biyu

Kai da kake son a riƙa ganinka babban mutum a unguwar Gubaira, nan ƙasar Larabawa, ga hanya. An gwada ta a gidanmu a 2012, kuma ta yi aiki sarai. In ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari cikin wata guda surukarka za ta daina jin muryar 'yarta, kai kuma kowa zai san da zamanka a unguwa.

1. Sayi abin da kowa ya yar

Je kasuwar gwanjo. Kada ka kalli wayoyin da mutane ke shafawa yanzu, wannan na kowa da kowa ne. Nemi 'yar na'urar aljihu irin ta da, mai gilashi kalar ruwan wanki, wadda ake tsokana da tsinken roba. Ba ta kira, ba ta ɗaukar hoto. Akwai dai manhaja a cikinta mai ajiye sunayen mutane da lambobinsu. Mai sayarwa zai gargaɗe ka cewa in aka cire batir ya wuce minti ɗaya komai zai goge, sai in ana kwafewa a kwamfuta. Ka ce masa aiwa, ka san wannan tuntuni. Ba ka da kwamfuta, amma ba sai ya sani ba.

2. Raba mutane gida-gida

Manhajar tana barin ka kasa mutane kashi-kashi. Buɗe gida uku: Manya, Harka, Sauransu. Sa kafilinka, Balaraben da ya tsaya maka a takardun zama, a Manya, da ƙanensa da ya taɓa ɗaga maka hannu sau ɗaya a wurin gini a Dir'iyya. Kai direban motar yashi ne, ba ka da wata harka, amma sa Dawuda mai wanki a ciki don kada gidan ya zauna ba kowa.

Bayan sallar Juma'a ka fito da ita a bakin masallaci. Malam Jibirilla, tsohon da ke sharar masallacin, ɗan garinsu matarka, zai leƙo ya tambaya ko an sa shi. Ka ce, “Baba, na'urar ba ta ɗaukar kowa da kowa.” Zai gyara hularsa ya koma ga tsintsiya. Mutane za su yi dariya. Daraja ta fara ke nan.

3. Rabu da littafin matarka

Matarka tana da wani jan littafi da ta zo da shi daga ƙauyensu a ƙasar Damagaram. A ciki akwai lambar Delou, maƙwabciyar da ke da waya. Duk Juma'a surukarka takan tako daga ƙarshen gari ta zauna a tabarmar Delou tana jira, kai kuma ka kai matarka shagon kiran waya, ka danna lambar, ka miƙa mata. Delou ba ta da lambarka, don ka hana a bayar, kada 'yan ƙauye su dame ka.

Shigar da lambar a Sauransu, ka jefa littafin a shara. Matarka za ta ce a hankali da ka bar mata shi ko a ƙasan akwati. Ka tuna mata a aji uku ta tsaya. Masana sun tabbatar takarda ita ke hana mutum ci gaba.

4. Karrama baƙi

Jira tsakiyar zafi, lokacin da ruwan famfo ke ƙona hannu. Gayyato Basiru da Amir, abokan aikinka, cin shinkafa. Rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki zai mutu. Kada ka sauka kanti, hawa biyu ne, wahala ce. Ciro batir biyun na'urarka ka sa a rimot, minti biyar kawai. Ku ci, ku sha shayi, ka ba su labarin yadda ka tsara mutum ɗari da arba'in. Da suka ce a nuna musu, mayar da batir.

Na'urar za ta gaishe ka cikin ladabi, ta tambaye ka yau nawa ga wata. Ba Manya, ba Harka, ba Sauransu.

5. Nemi mai laifi

Ka ce zafi ne. Ka ce matarka ce ta goge ta da tsumma. Koma gwanjo, za ka tarar mai takalma ne a wurin. Je shagon kiran waya, za a ce maka mutum ɗari ke kira kullum, wa zai riƙe taka.

Juma'a za ta zo. Matarka za ta sa abaya saboda sabo, ta tsaya a bakin ƙofa, ta cire. Kada ka kalle ta. Juma'a ta biyu ma haka. Ta uku ba za ta ma ɗauko abayar ba, kuma gishiri zai yi yawa a miya. Ka cinye haka nan.

6. Durƙusa

Ranar da matarka, wadda ba ta iya haɗa ido da mai kanti, ta ce za ta je bakin masallaci da kanta, to riga ta zuwa. Durƙusa gaban Malam Jibirilla, don shi ne ya kawo lambar Delou daga gida tun farko. Zai cire hularsa, takardu a ninke a ciki, gumi ya rina su.

“Isiyaku, a ina zan duba maka? Manya ko Sauransu?”

Kalli ƙasa. Zai kwafe lambar, ya ninke takardar, ya ce ba taka ba ce, ta 'yar garinsu ce, ka kai mata hannu da hannu. Zai ƙara da cewa tasa na'urar ba ta cin batir.

7. Tsaya ka saurara

A shago, matarka za ta danna da kanta. Delou za ta ce tsohuwa ba ta fasa zuwa ko sau ɗaya ba, takan zauna har rana ta faɗi. Juma'ar da ta wuce ma da ƙanwarta ta zo, don a sami mai riƙe ta in mummunan labari ne. Sai muryar surukarka, ƙasa-ƙasa: “Mariamou, ke ce?” Bayan sun gaisa, tsohuwar za ta tambayi lafiyar maigida. Matarka za ta dubi tsinken roba da har yanzu ke leƙowa daga aljihunka.

“Lafiya lau, Inna. Ya zama babban mutum.”

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka ba hannuna. Ni a aji uku na tsaya, ban san ilimin na'ura ba. Lambar Delou dai yanzu tana wuri uku a gidan nan, kuma ba zan faɗa maka ko ɗaya ba. Na'urar kuwa tana nan lafiya, ita ke tare ƙofar kicin kada iska ta rufe.