Maɓallin Mai Girma

Jiya da hantsi kwamfutar shagona ta yi wani irin tari, ta saki hayaƙi, ta ce ga garinku nan. Ni mai ɗaukar hoto ne, kuma hotunan rabin unguwa suna cikinta. Ko gezau ban yi ba, na ƙarasa shan shayina.

Ina da dalili. Bara Mai Girma Uban Ci Gaba ya tara mu ƙananan 'yan kasuwa, ya ce za a kwashe ayyukanmu zuwa ma'ajiyar intanet, kowa da kwafin ajiyarsa, ko gobara ko ɓarawo babu abin da zai salwanta. A shagona aka yi gwajin. Aka kafa rumfa, ya danna maɓalli da yatsansa mai albarka, muka tafa har tafin hannu ya yi zafi.

Hayaƙin bai gama fita ba sai ga matar marigayi tela, maƙwabcina. Hoto ɗaya tak mijinta ya taɓa ɗauka, a wurina, yana tsaye jikin kekensa na ɗinki.

"Mai hoto, autata ce ta dame ni da tambayar kamannin babanta. Ka wanko mini hoton nan."

Na ce ta kwantar da hankalinta, tela yana intanet lafiya lau.

Na garzaya ofishin masu ajiyar. Babban Mataimaki na Musamman ga Mai Girma ya buɗe mini tawa ma'ajiyar. Ga Mai Girma yana saukowa daga mota. Ga shi yana gyara hula. Ga shi yana danna maɓalli, ta gaba, ta gefe, ta ɗaya gefen.

"Ranka ya daɗe, ina sauran? Wata baiwar Allah na jiran hoton marigayi mijinta."

"Ai ranar sauri yake yi, sai muka ɗora hotunan bikin kawai. Sauran sai kashi na biyu."

"To ku ba ku sake dannawa ba?"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Maɓallin da Mai Girma ya ƙaddamar? Ni wa?"

Gaskiyarsa. Irin wannan ladabi ya yi ƙaranci a zamanin nan, kuma ina jinjina masa. Mutumin kirki ne, don bai bar ni na fito hannu rabbana ba: ya ba ni hoton Mai Girma a cikin firam, ya ce na kai wa baiwar Allah ta rage zafi.

Na same ta inda na bar ta, a kan benci. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba. Na faɗa mata gaskiya, na miƙa mata firam ɗin don ban san yadda zan yi da hannuna ba.

Ta daɗe tana kallonsa. "Wannan kam ko ya mutu, 'ya'yansa ba za su manta fuskarsa ba."

Ta jingine shi a bango ta tafi. Yanzu ina da kwafinsa biyu, ɗaya a intanet, ɗaya a shago. Masana sun ce haka ake ajiya.