Kwarkwatar Sarkin Tsafta

Duk ƙasar Roni ba a taɓa yin mai tsafta kamar Alhaji Na'Allah ba, shi da bakinsa ya tabbatar mana. Tsohon duba-gari ne. In ya gaisa da kai sai ya goge hannu da hankici kana kallo, shi ya sa muke ce masa Alhaji Sabulu, a bayan idonsa dai. Tun da Hakimi ya yi alkawarin naɗa shi Sarkin Tsafta, ko gaisuwar ma sai daga nesa.

Ana dab da naɗi idanunsa suka kama ƙaiƙayi.

"Ciwon masu ilimi ne," in ji shi. "Yawan karatu ke kawo shi."

Ya toshe fuska da baƙin tabarau, ya sulale asibiti a Kazaure. Likita ta haska, ta ce kwarkwata ce ta yi ƙwai a gashin idonsa. Za a tsince ƙwan, a ba shi ƙwaya, amma sai ya hau sikeli, don da nauyin mutum ake auna maganin.

"Ni? 'Yar nan, kafin a haife ki nake rufe gidaje saboda ƙazanta!"

Ya kaɗe riga ya fita. Ita kuwa kwarkwata, da yake ba ta san manya ba, ta ci gaba da hidimarta.

Da abin ya ci tura, ya zarce Gwiwa wurin wani mai kemis, wai makiyayinsa Lauwali ne kwarkwata ta kama a ido. Mai kemis ya tambayi girman jikin Lauwali.

"Siriri ne kamar kara. Ka san talaka."

Aka ba shi na siriri. Alhajin da ɗan acaɓa ke duba taya kafin ya ɗauke shi, ya haɗiye ya yi hamdala.

Ranar naɗi ƙofar Hakimi ta cika maƙil. Kawu, dattijon da ke naɗa rawani, ya ce a cire tabarau. Ya matso, ya zaga rawani sau ɗaya, sai hannunsa ya tsaya. Ya ƙura ido, ya ja da baya, ya durƙusa gaban Hakimi.

"Ranka ya daɗe, na ga kwarkwata a idon Sarkin Tsafta. A naɗa har da su, ko a jira su sauka?"