Turbona Da Tukwanen Surukina

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren ƙanwar matata ba, kuma ko na so in manta, mutanen Mansur ba za su bar ni ba.

Bari in fara daga motar. Sana'ata gyaran na'urar sanyaya ɗaki ce, ina zaune a unguwar Mansur a nan Makka, wurin aiki kuma yana unguwar Aziziyya. Shekara shida ina bin bas da jakar kayan aiki a cinya, har Allah ya haɗa ni da wata tsohuwar a-kori-kura, irin wadda a nan ake kira wanet. Daga Jidda aka kawo ta, ta girme ni da shekara biyu, fentinta duk ya koɗe, amma ina ganinta ta shiga raina. Burina biyu ne: ta kai ni aiki kullum, sannan ta ja ƙaramar tirela in aikin ɗaukar kaya ya samu. Matsalar ita ce injinta ya gaji. In muka zo hawa a Tandabawi sai ta dinga nishi kamar tsohon da aka sa hawa bene.

Nan tunanin turbo ya shigo mini. (Ga wanda bai sani ba, wata na'ura ce mai siffar dodon-koɗi da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi. Ni ma a waya na koya, amma in ka ji ina bayani sai ka rantse a gidanmu aka ƙera ta.) Na sayi littafi mai jan bango na cika shi da zane: inda bututun iska zai bi, girman lagireto, irin salansar da za a sa. Wata takwas ba ni da wata hira. Matata Rabi za ta tambaye ni me za a dafa, kafin ta ankara mun koma kan iskar da ke shiga inji. 'Yan majalisarmu ta bayan La'asar suka sa mini suna Injiniya, ni kuma a wautata na ɗauka girmamawa ce.

Da lokacin aiki ya yi na kai littafin garejin Mu'allim Sale, wani dattijon makanike da kakanninsa suka shigo ta Sudan, Hausarsa rabi Larabci rabi. Ya buɗe shi shafi bayan shafi har ƙarshe, sannan ya ɗago kai.

"Ya akhi, shafi arba'in duk a kan gaban mota. Ina bayanta?"

"Baya me zai yi, Mu'allim? Ai gaba yake bi."

"Motar Jidda ce, iskar teku ta cinye ƙarfenta. Ƙugiyar jan tirela a jikin bamba aka yi mata walda, bambar kuma tsatsa ce aka shafa wa fenti. Lazim, dole a ɗaure ta a jikin shasi, ƙarfen gindin mota. Ga shi ko madubin gefe ba ka da shi."

Na ce masa za a yi daga baya. Na juya shafin ƙarshe na rubuta "ƙugiya, madubi" da ƙananan baƙaƙe don ya ga na rubuta, na rufe littafin.

Aka sa turbo, kuma gaskiya ya yi. In na taka totur sai ya yi wani siririn fito, ni kuwa in ji har cikin ƙashina. Sati biyu ina zuwa aiki ina murmushi ni kaɗai kamar sabon ango.

Sai ga biki. Surukina, Alhaji Mamman (a garin nan kowa Alhaji ne, amma shi tasa ta zauna masa), zai aurar da autarsa, dangin ango kuma daga Madina za su taso. Mutum ne da babu abin da yake gudu irin baƙo ya zauna a gabansa babu abinci. An ba da aikin manyan tukwane huɗu na shinkafa da naman rago a wani gidan girki a Mansur, za a kai su wurin walima a Aziziyya bayan Azahar. Ina zaune ya ce a kira Abakar, wani ɗan Cadi mai ƙaramar motar kaya da ba ta fi akwatin gawayi ba.

"Haba Baba," na ce, "ina raye, ga mota mai turbo a ƙofar gida, a kira na waje?"

Rabi ta watso mini harara daga bakin ƙofa, na yi kamar ban gani ba.

"Ɗana, abincin baƙi ba abin gwaji ba ne. Kana da tabbas?"

"Baba, ka ɗauka ya iso."

Ranar walima aka cika mini bayan mota da darduma da matasan kai har sama, madubin ciki babu abin da yake nuna mini sai darduma. Aka ɗaure tukwanen tamau a tirelar mai girki, aka maƙala ta a ƙugiyata. Na tashi a hankali, ina jin nauyin yana riƙe motar. A bakin layi akwai tudun rage gudu. Gaba ya hau, baya ya hau, na ji wani ƙaras, na ce dutse ne. Na taka totur.

Jama'a, motar nan ta zabura kamar an tsikare ta. Nauyin nan duk ya tafi. Na daki sitiyari na ce da ƙarfi, "Allahu Akbar, turbo ya kama!" Mutane a gefen titi suna ta ɗaga mini hannu, wani har da gudu yana ihu. Na ce Allah sarki, masu sanin darajar tsohuwar mota ba su ƙare ba, ni ma na ɗaga musu. Waya tana ta ruri a aljihu, na ƙi ɗauka, wai ni direba mai bin doka.

Na isa wurin walima na danna oda sau uku. Surukina yana tsaye a ƙofa da mahaifin ango, manyan baƙi a bayansu, har da Mu'allim Sale cikin farar jallabiya. Na fito ina gyara hula, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Baba, wallahi ko nauyin tukwanen ban ji ba."

Ya leƙa bayana, ya dawo da idonsa kaina, ya ce a hankali, "Waɗanne tukwane, ɗana?"

Na juya. Babu tirela, babu ƙugiya, babu ma ita kanta bambar, sai wasu wayoyi biyu suna reto. Gumin da ya karyo mini ba na zafin Makka ba ne. Can sai na ji muryar Mu'allim Sale daga cikin mutane.

"Ma sha Allah. Gaba ya iso."

Dariyar da aka yi, har mahaifin ango sai da ya dafa bango. Surukina ne kaɗai bai yi ba, kuma fuskarsa a lokacin ita ce abin da har yau yake sukata.

Allah ya rufa asiri. Tirelar a kan tudun nan ta tsaya, taku ashirin daga gidan girki, ta kafa hanci a ƙasa, ko ƙwayar shinkafa ba ta zube ba. Abakar ɗin da na hana a kira shi ya ɗauko tukwanen, biyu-biyu, yana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Kusan awa guda surukina yana zagaya baƙi da dabino da gahawa yana jan su da hira. Da aka zuba abinci ya kira ni kusa da shi, ya turo mini tsoka mafi girma ya ce, "Ci, ɗana, ka sha hanya." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kai motar garejin Mu'allim Sale. Yanzu ƙugiyar tana jikin shasi da sarƙa biyu, madubi dama da hagu. Tana kai ni aiki, tana jan tirela, bara ma ita ta kai tukwanen sunan ɗan wannan amaryar, surukina yana zaune a gefena yana kallon madubi tun daga Mansur har Aziziyya. Sunan Injiniya ya bi ruwa, Gaba-ya-iso ake kirana, kuma ina amsawa.

Abin da na koya kaɗan ne, amma ya zauna: duk ranar da na ji kayan da na ɗauka ya yi mini sauƙi farat ɗaya, ba na kabbara. Birki nake takawa in sauka in duba me na yar a hanya.