Sabuwar Firosesa a Tsohon Allo

A wani daji da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, majalisar dabbobi tana da kwamfuta guda ɗaya, aikinta ta lissafa ranar da kogin zai yi ambaliya. Ba ta taɓa yin kuskure ba, sai dai tana da nawa wajen aiki. Bara ta gama lissafinta bayan ruwa ya riga ya tafi da ƙwan Zabuwa duka. Bana Zabuwa ta sake yin ƙwai a gindin kalgon nan na bakin kogi, ga hadari ya fara haɗuwa.

Barewa ce ta je birni ta dawo da sabuwar firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta ajiye a gaban majalisa.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, wannan buɗaɗɗiya ce, ba a kulle lambar da ke ninka gudunta ba. Muna iya ɗaga ta, lissafin mako ya ƙare a wuni. Sai dai allon da ake dasa ta a kai, wanda masu gyara ke kira madabod, dole ya zama mai yarda da ƙarin gudu. Namu zai karɓe ta, amma ba zai bari a taɓa lambar ba. A sauya allon, a ƙara mata babbar fanka saboda zafi, shi ke nan roƙona."

Dila, magatakardan majalisa, ya yi gyaran murya. "Yarinya, Allah ya yi miki albarka. Ƙwaƙwalwar nan mun karɓa hannu bibbiyu, za ma a yi bikin ƙaddamar da ita. Amma allon nan shi ya ga kakanninmu. Da tsohuwar zuma ake magani. In aka fara cire abu don ya tsufa, ina za a tsaya?" Ya dubi dattawan da ke zaune, kowa ya gyara zama. Ya ƙara da cewa, "Sannu ba ta hana zuwa."

Zabuwa ta ce a hankali, "Malam Dila, ko za a aika a gaya wa kogin?"

Ba wanda ya yi dariya. Aka juya ga Kunkuru, tsohon da ke kula da kwamfutar. Kowa ya san shi da marigayiya matarsa suka ɗaura allon nan, ita tana riƙe, shi yana murɗa kusoshi. Har yau kullum da safe yakan share shi da gashin kaza.

Kunkuru ya ɗago kai. Sannan ya ce, "'Yata Barewa ta faɗi gaskiya. Allon nan ya yi iyakar abin da aka yi shi dominsa. A cire. In an yarda, a ba ni shi in ajiye a ɗakina."

Majalisa ta ji tausayinsa ƙwarai, har Giwa ta share hawaye. Saboda wannan tausayi aka yanke cewa ba za a raba tsoho da allonsa ba. Aka dasa sabuwar firosesa a tsohon allo, aka yi biki, aka ci aka sha.

Washegari da hantsi Kunkuru ya iso gindin kalgo, Barewa na biye da shi. Ya ce wa Zabuwa, "Uwar 'ya'ya, ɗora min ɗaya a baya. Tudun nan ba nisa."

Zabuwa ta ce, "Baba, su goma sha biyu ne fa, kuma ka san tafiyarka."

"Na sani. Shi ya sa na zo da wuri."

Haka suka yi ta jigila, Barewa tana tare ƙwan da hancinta kada ya gangaro, Zabuwa tana gaba tana baya tana addu'a. Ranar da kogin ya cika ya shanye gindin kalgo, tana kwance a kan ƙwanta a bisa tudu, ko ɗaya bai jiƙe ba.

Bayan ruwan ya janye, kwamfuta ta fitar da gargaɗinta, daidai kamar kullum. Majalisa ta zauna ta yaba wa sabuwar firosesa, ta ce ba a taɓa ganin baƙuwa mai ladabi irinta ba.