Duwatsun Tsafe a Bakin Zane

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da Dije ta nuna mini zanenta ba. Lokacin Turawa ba su daɗe da fara sayen auduga a Gusau ba, ni kuwa jakai nake korawa daga Rawayya ina kai musu. A kantinsu na ga yadi mai hoton itatuwa da tafki, sai na dawo ina jin duk ƙasar Bungudu ba wanda ya kai ni sanin ado. (Ko kamu ɗaya ban taɓa saya ba, kallo ne kawai nawa.)

Dije nake nema da aure, magana har ta kusa kaiwa ga manya. Da la'asar na je zance, muka zauna jikin dangar gidansu, ta warware wani baƙin zanen saƙi. A bakinsa an jera fararen tsinaye, wani dogo wani gajere, da fili a tsakani, ƙarƙashinsu jan layi.

"Mi kag gani?" in ji ta.

Da na ce ya yi kyau na ja bakina, da an wuce wurin. Ina! Sai na kanne ido, na karkata kai kamar dillali.

"Wanga? Ai bakin tsohuwa na. Ga haƙoran da sunka saura, ga giɓi, ga dasashi." Har da dariya, ni kaɗai.

Dije ta sunkuyar da kai. "Duwatsun Tsahe na, garinsu Inna. Jan ko hanyar gidansu ta. Tun da anka kawo ta nan ba ta koma ba, shi yas sa tas saƙa mani in tai da shi ɗakina."

Sai na ji tari bayan danga. Inna ce ta leƙo, matar da nake sake hanya in na hango ta saboda kunya. Ta buɗe baki za ta amsa gaisuwar da na kasa ƙarasawa, sai ga giɓi, ga 'yan haƙoran da suka saura. Ta yi wuf ta rufe da hannu. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Aure dai an ba ni. Amma har Allah ya karɓi ranta, Inna ba ta sake dariya a gabana ba sai da haɓar zane a baki, kuma duk sanda ta yi haka kunyar sabuwa take dawo mini. Yanzu ko tsumman sauke tukunya aka miƙo mini, sai na tambaya wa ya saƙa shi kafin in ga komai a jikinsa.