Rasuwar Iyatu, Gangar Shelar Ƙofar Rini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda haƙuri ya kasa rufe wa baki, gidan Maigandi mai shela na Ƙofar Rini a birnin Sakkwato yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar gangarsa Iyatu. Ta cika a tsare, cikin siton wani ofishi da ba sai an kama sunansa ba. Ranar da ta cika kuwa Allah kaɗai ya sani, domin waɗanda suka tsare ta ba su taɓa leƙa ta ba. An dai tsinci gawarta ana saura kwana huɗu bikin samun 'yancin kai, a wannan shekara ta 1960.

Marigayiya ta haura shekara arba'in a duniya. Mahaifin Maigandi ne ya sa aka sassaƙa ta da icen alilliba, majema suka rufe ta da fatar jar akuya, shi ne kuma ya raɗa mata sunan. Tun daga ranar babu dokar da ta shigo Ƙofar Rini ba ta bakinta ba. Ranar da za a yi wa yara lambar rigakafi, hana ɗaure jaki a tsakar hanya, yashe magudana kafin damina, duk ita ke fara sallama. Gidim, gidim, gidim-dim! Sau uku take faɗa, sai ka ji taɓarya ta tsaya a cikin gidaje, maɗinka sun soke allura a hula sun fito bakin zaure. Ba ta taɓa kawo doka bayan an kama mai laifi ba. In dokar ta zo da kuskure, nan take dattawa za su ce ba ta yi ba, Maigandi ya rataya Iyatu ya mai da amsa inda aka aiko shi.

Aibinta ɗaya, in aibi ne, ba ta da gaggawa, ita da mai ita. Maigandi ya gaji ladabi wurin ubansa: ba a faɗin saƙo sai an gama gaisuwa. Sai ya gai da hukuma, ya gai da malamai, ya gai da mai unguwa, ya gai da 'yan kasuwa da masu sana'a, ya gai da iyaye mata na bayan danga, sannan ya ce, "Bayan gaisuwa." Shekara talatin yana haka, babu wanda ya taɓa cewa ya ɓata masa lokaci.

Ciwon ajali ya soma ne shekara huɗu da suka wuce, ranar da aka kawo allo. Wasu masu ilimi suka zauna suka ga shela ƙauyanci ce. Suka ce daga yau doka ta zama doka idan an buga ta da tafireta, an kafe ta a allon sanarwa ta kwana talatin, ko an karanta ko ba a karanta ba. Aka ɗauki allon nan aka rataye shi a barandar ofishi, can cikin shinge, aka sa masa gilashi da kwaɗo, aka ajiye mai gadi a bakin ƙofa yana tambayar kowa wurin wa ya zo. Takardun kuma da Turanci, in an ji tausayi a ɗan sa Hausar boko a ƙasa. Ga unguwa cike da mutanen da ke karanta ajami kamar shan ruwa, malaman da ɗalibai ke takowa daga nesa don su ɗauki karatu a gabansu, rana ɗaya allo ya mai da su jahilai a garinsu. Wai wannan shi ne ci gaba. Aka ce wa Maigandi ya huta. An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta.

Ya rataye ta a ƙusa cikin zaurensa. Kowace Juma'a sai ya sauko da ita ya goge, ya shanya ta ta ɗan sha rana, ya taɓa ta da yatsa. Ta ce dim, a hankali, kamar mara lafiyar da ba ya son a san yana jin jiki.

Kowa ya san rijiyar da ke bayan gidan Maigandi. Gida sittin ke sha daga cikinta, ba ta ƙafewa ko da bazara. Bara, cikin tsakiyar zafi, wani duba-gari ya zo ya leƙa ta, ya toshe hanci, ya rubuta abin da ya rubuta ya tafi. Ashe an yanke a rufe ta da siminti, wai za a kawo famfo. An kuma yi adalci irin nasu: duk mai ƙorafi ya zo ofishi cikin kwana talatin a saurare shi. Takarda tana can bayan gilashi, kwanaki suna tafiya, masu rijiya suna ta jan guga.

Wanda ya fasa ƙwan shi ne Muntari akawu, ɗan wani aminin Maigandi, wanda ya buga takardar da hannunsa. An taso daga masallacin Juma'a ya ja tsohon gefe yana waige-waige.

"Baba, don Allah kak ka ce ni na hwaɗa maka. Rijiyarku za a ruhe. An ba da kwana talatin ga wanda ad da magana, yau ashirin da bakwai."

"Wa anka hwaɗa ma?" in ji Maigandi.

"Tana ga allo, Baba."

Maigandi ya san mutanensa. Maganar hukuma in ba ganga ce ta kawo ta ba, jita-jita ce a wurinsu, ko wa ya faɗa. Saboda haka ranar Asabar da hantsi ya sa rigarsa ta shela, ya rataya Iyatu, ya tsaya a mararrabar kasuwa. Gidim, gidim, gidim-dim! Waɗanda suka ji sun shaida ba ta taɓa yin murya irin ta ran nan ba. Jama'a suka yi dafifi, har da tsofaffin da suka share hawaye don sun ɗauka ta daɗe da mutuwa. Ya gai da hukuma. Ya gai da malamai. Ya gai da mai unguwa. Yana cikin gai da 'yan kasuwa sai ɗan doka ya dafa kafaɗarsa.

"Ina lasin naka?"

"Lasin mi?"

"Na kiɗi. An hana kiɗi cikin gari sai da lasin."

"Yaro, bari in kai ga magana, sannan ka tahi da ni."

Bai bari ba. Ya fizge ganga ya saɓa, wani ya riƙe tsohon, suka keta taro. Jama'a suka watse da gaisuwa a hannu, babu saƙo. Ita dokar hana kiɗan, wata bakwai ke nan da kafe ta. Ƙusa ɗaya suke da takardar rijiya, tana ƙarƙashinta, ko mai Turancin da ya zo ba zai gan ta ba.

Ranar Lahadi yayarsa Hasana, wadda ke riƙe masa gida tun rasuwar matarsa, ta kai masa fura inda aka tsare shi, ya gaya mata komai ta taga. Tsohuwa ta ja ƙafa har zauren mai unguwa Hayatu ta faɗa masa. Ya yi murmushi irin na manya ya ce, "Hasana, in da gaskiya ta, da mun ji ga ganga." Nan ma dai a bar kaza cikin gashinta, amma gidan Maigandi bai manta ba.

Litinin, rana ta talatin, Hayatu da dattawa bakwai suka tafi ofishi roƙon a saki Maigandi. Aka ce su jira a baranda. Suka shimfiɗa buzu a ƙarƙashin allon nan, suka jingina da bango, suka wuni suna jan carbi, takardar rijiyarsu tana bisa rawunansu. Muntari ya gifta su sau biyar, kansa a sunkuye. Da la'asar aka rufe ofishi.

Ranar Talata aka kai Maigandi gaban alƙali. Alƙali ya tambaya ko an kafe dokar a allo, aka ce an kafe. Ya ce to mai laifi ya sani ke nan. Maigandi ya ce, "Allah shi gahwarta malam, ni da allon ga ko gaisuwa ba ta taɓa gama mu ba." Aka yi dariya, aka sallame shi saboda tsufa, aka riƙe Iyatu a matsayin shaida. Da ya fito ya faɗa wa dattawa maganar rijiya da bakinsa, suka ruga ofishi. Ihu bayan hari. Aka nuna musu cewa kwana talatin sun cika jiya, kuma babu mutum ɗaya da ya kawo ƙorafi, abin da ke nuna unguwa ta yarda. Kafin mako ya zagayo an shafe bakin rijiya da siminti. Famfon ya iso, kada a ce ba a cika alkawari ba. Yana nan tsaye a bakin hanya, wata goma sha bakwai, yara suna lilo da shi, ko ɗigo bai taɓa yi ba. Hasana da ciwon gwiwoyinta take bin mata zuwa wata unguwa da tulu.

Sau tara Maigandi yana zuwa neman gangarsa, ana ce masa shaida ba ta fita sai an sa hannu, mai sa hannun kuma yana rangadi. Sai da biki ya matso aka ce kowace unguwa ta fito da makaɗanta a yi murnar 'yanci, sannan wani ya tuna akwai ganga a sito. Aka buɗe. Ɓeraye sun cinye fata, gara ta shiga kwaure ta mai da shi gari, da aka ɗaga sai ya ruguje a hannun masinja. Takardar da aka ɗaura mata mai lambar shaida ce kaɗai ba abin da ya taɓa ta. Aka tattara a buhu aka aiko wa Maigandi, tare da tambayar ko yana da wata da zai fito da ita ranar biki. Ya karɓi buhun ya shiga zaure. Hasana ta ce tun mutuwar mahaifinsu ba ta ga ya yi kuka irin wannan ba.

Marigayiya ta rasu ta bar gularta, sandar da ake kaɗa ta da ita, wadda ta tsira don tana hannun Maigandi ranar kamu, da ƙusar da ake rataye ta. Ta bar Maigandi, wanda har yau in ya ji an buga ƙofa sau uku sai ya gyara murya. Ta bar gida sittin da ƙishirwa. Ta kuma bar magajinta allo, yana nan cikin ƙoshin lafiya, har an sake masa fenti saboda biki, an ce kuma takardu goma sha ɗaya ke jikinsa yanzu. Abin da ke cikinsu, sai ranar da aka kama wani za mu ji.

Za a binne ta gobe Alhamis bayan la'asar, a gefen simintin da ya rufe rijiya. Ba a yi wa ganga salla, saboda haka kada malamai su wahalar da kansu. Ba za a yi kiɗa ba, babu mai lasin. Za a zauna karɓar gaisuwa kwana uku a zauren Maigandi. An yafe wa duba-gari da mai sa hannu zuwa. Muntari in ya zo za a ba shi tabarma, mai unguwa kuma ya san hanya. Iyalai suna roƙon afuwa a kan abu ɗaya, da kunya suke faɗinsa: duk mai zuwa ya taho da ruwansa a buta, domin gidan Maigandi ba shi da wanda zai ba baƙo.